Kwana huɗu ba tudu ba gari: Injiniya ya leƙo daga tsakiyar teku

Zauren 'Yan Layinmu, Tudun Wada

Injiniya Sani: Salamu alaikum 'yan zaure. Na ga Ladan yana ta cigiyata tun shekaranjiya, har da cewa ko kifi ya haɗiye ni. Ina nan lafiya ƙalau a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, ni da uwargida Hajiya Mairo. Yau kwananmu 4 rabonmu da ganin ƙasa. Tun da muka bar tsibirin Sant Helena ko dutse ba mu sake gani ba, ruwa gabas, ruwa yamma. Sai jibi da safe za mu isa Cape Verde in Allah ya yarda. Na sayi intanet ɗin jirgi na yini ɗaya, mai tambaya ya yi yanzu.

Ladan: Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Mutumin da ko gadar Kogin Kaduna zai hau da damina sai ya karanta Ayatul Kursiyyu, yau shi ne a tsakiyar teku.

Nasiru Mai Keke: Baba barka da hutawa. Ni tambayata ɗaya ce. Idan gari ya waye babu inda za a je, babu kasuwa, babu majalisa, me mutum yake yi har dare?

Injiniya Sani: Nasiru, abin da na tambayi 'yata Zainab ke nan ran da ta turo mana tikitin. To ga yadda yau ta kasance. Na yi Asuba, na fita saman jirgi tun da duhu-duhu. Akwai hanyar katako da ta zagaye jirgin gaba ɗaya, tsofaffin Turawa suna ta zagaye kamar masu neman abin da ya faɗi, na bi sahu. Nan kusa da Ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, rana ba ta jan jiki, kana ganin jan alfijir, kafin ka gama kofin shayi ta fito fes. Daga nan karin kumallo. Da hantsi wani tsohon matuƙin jirgi ya yi lacca kan yadda mutanen da suke gane hanya da taurari. Ƙarfe 12 daidai kyaftin ya yi magana ta lasifika, kullum haka yake yi: ga inda muke, ga tafiyar da muka yi tun jiya, ga zurfin ruwan da ke ƙarƙashinmu. Yau ya ce ya haura mita 4,000. Hajiya ta ce da ya bar wa cikinsa.

Bayan Azahar na ja kujera na zauna ina kallon ruwa. Awa biyu. Ban yi komai ba. Wallahi tun da na kama aikin reluwe ban taɓa zama awa biyu ba wanda ya kira ni, ba wanda ya yi sallama a ƙofar gida.

Hajiya Binta: Yaya, ka yi haƙuri, amma ni ban ga abin burgewa ba. A tara kuɗi masu yawa haka a je a zauna ana kallon ruwa? Da Umara aka biya muku, ko aka ƙarasa ginin nan na Rigasa da ya shekara uku a linta. Kallon ruwa ai ko Gamji ka je za ka yi.

Zainab Sani: Gwaggo ina wuni. Sun yi Umara bara, kin manta ke kika raka su filin jirgi. Wannan na ajiye aiki ne. Shekara 35 Baba yana aiki, hutunsa duk a gidajen biki da ta'aziyya ya ƙare. Na san in dai a Kaduna yake ba za a bar shi ya huta ba, shi ya sa na nemi inda waya ba ta shiga.

Hajiya Binta: Au, mu ne ba ma barinsa ya huta ke nan? To madalla.

Zainab Sani: Ba haka nake nufi ba Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki.

Ladan: Binta, ruwan Gamji har da kada a ciki, na can kuwa sai kifi mai fiffike. Bar mutum ya ci guminsa.

Injiniya Sani: Ladan da wasa kake, amma kifi mai fiffike gaskiya ne, yau na gan su sun fi a ƙirga. Idan jirgi ya keto ruwa sai su tashi garke guda kamar fara, su yi shawagi kaɗan su koma. Binta kuma ban ce ba ki da gaskiya ba. Ni kaina kwana biyun farko haushin kaina nake ji, ina ta lissafin buhunan siminti. Sai a rana ta uku lissafin ya ƙyale ni.

Malam Auwalu: Injiniya, ni abin da ya fi damuna salla. Yaya kuke yi da alƙibla a abin da yake tafiya dare da rana?

Injiniya Sani: Allah gafarta Malam, da ma ina son in tambaye ka. Manhajar alƙibla ta waya rikicewa take yi, saboda jirgin duk ƙarfe ne, allurar sai ta yi ta rawa. Amma akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya sa gaba. Mu arewa muka nufa, da ɗan karkata yamma, Makka kuma tana gabas da ɗan karkata arewa. Da na lissafa sai na ga alƙibla tana dama da jirgi kusan daidai. Ɗakinmu a ɓangaren dama yake, don haka taga nake fuskanta. Kwana huɗu ke nan bai sauya hanya ba. Ƙasaru nake yi, kuma jiya na haɗa Azahar da La'asar.

Malam Auwalu: Lissafin alƙibla ya yi kyau, Injiniya ba a banza ba. Idan jirgi ya juya kana cikin salla, ka juya tare da alƙibla matuƙar akwai hali. Tsayuwa ma tana nan a kanka sai in jiri ko tangaɗin jirgi ya hana, sannan ka zauna. Ƙasaru daidai ne, kai matafiyi ne, Juma'a ma ba ta hau kanka ba. Amma haɗa salla, a mazhabarmu ta Malikiyya rangwamen na matafiyin tudu ne, haka yake a Muhtasar. Dalili a fili yake: mai tafiya a ƙasa sauka da ɗaura kaya ke ba shi wahala, kai kuwa gadonka da bandakinka suna tare da kai. Ka riƙa yin kowace a lokacinta.

Abdul Kawo: Malam, amma wasu malaman sun halatta haɗawa ga kowane matafiyi, ba su ware na ruwa ba.

Malam Auwalu: Haka ne Abdul, Shafi'awa da Hambalawa sun halatta, ban ce sallarsa ta jiya ta ɓaci ba. Amma mutumin da ya ce ya zauna awa biyu bai yi komai ba, wane uzuri gare shi?

Ladan: Malam ya kama ka, Yaya Sani.

Injiniya Sani: Na karɓa. Lokutan ma sai an kula. Da muka tashi daga Cape Town muna gaban Kaduna da awa ɗaya. Yanzu muna bayanku da awa ɗaya, kafin Cape Verde za a sake mayar da agogo baya, mu zama awa biyu. Da dare ake sanya takarda a ɗaki cewa a mayar da agogo. Don haka na daina bin jadawalin waya, rana nake kallo kamar yadda kakanninmu suke yi. Faɗuwar rana kuwa ba gini ba bishiya, da idonka za ka ga ta nutse.

Maman Ihsan: Ruwan alwala da na sha fa? Tanki nawa zai ishi dubban mutane kwana da kwanaki?

Injiniya Sani: Nan ne abin ya burge ni a matsayina na mai aikin inji. Daga tekun suke ɗiba su cire gishirin. Hanya biyu ce: ko a tura ruwan da matsanancin ƙarfi ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi da gishiri ba ya iya wucewa, ko a dafa shi da zafin da injin jirgi ke fitarwa a tara tururin. Famfo bai ɗauke ko sau ɗaya ba, wuta ma haka.

Maman Ihsan: Mu da ke kan tudu kusa da kogi yau kwana tara muna sayen na 'yan garuwa. Allah ya kyauta.

Malam Auwalu: Ko da ba su tace ba alwala ta yi. A Muwaɗɗa akwai mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa suna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishi zai kama su. Aka ba shi amsa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne.

Injiniya Sani: Wannan hadisin shi ke ciyar da mu, Malam. Kifi muke ci safe da yamma, da shinkafa da ganye. Zainab ta rubuta musu tun kafin mu taso cewa ba ma cin alade, kuma akwai wani yaro ɗan Indunusiya mai kawo abinci, Musulmi ne, shi ke raɗa mana abin da aka sa wa giya a miya. Hajiya ta zo da yajinta da kuli-kuli a jaka. Rannan wata Baturiya ta ce a ɗan sammata, ta sha ruwa ya fi kofi uku.

Bulus Kakuri: Injiniya sannu da hanya. Ka tuna mini da mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Lokacin da aka tura shi kwas Ingila kan aikin masaƙa, jirgin ƙasa ya hau daga Kaduna Junction zuwa Legas, daga Apapa ya shiga jirgin ruwan nan Aureol na kamfanin Elder Dempster. Kusan mako biyu kafin Liverpool, suna tsayawa Gana da Saliyo da Las Palmas. Har ya rasu yana ba da labarin. Ya ce kwana uku na farko ko ruwa ya sha sai ya dawo. A 1974 jirgin ya daina zirga-zirga tsakanin Legas da Ingila, jirgin sama ya kashe masa kasuwa.

Injiniya Sani: Allah ya ji ƙan Baba. Bulus, ka san yanzu haka muna daura da Laberiya da Saliyo, sai dai can nesa cikin ruwa. Nan gaba kaɗan za mu hau hanyar da ya bi. Su dole ce ta sa su, mu kuma kuɗi aka biya don a yi tafiyar a hankali. Gudun jirgin nan bai wuce kilomita 33 a awa ba. Nasiru, kekenka ya fi shi sauri.

Nasiru Mai Keke: Haba Baba!

Injiniya Sani: Wallahi. Amma ba ya tsayawa shan mai, ba shingen 'yan sanda, ba rami. A yini da kwana yana cin wajen kilomita 800, ka ce Kaduna zuwa Legas kullum.

Dakta Hadiza: Kawu, yaya jikin Inna Mairo? Zainab ta ce ta sha wahala da farko.

Injiniya Sani: Ta sha kam. Fitowarmu daga Cape Town ruwan wajen yana da sanyi da manyan igiyoyi, ga hazo a gaɓar Namibiya. Kwana biyu tana kwance, tana cewa a sauke ta. Na ce a ina? Yanzu kuwa ruwan ya kwanta kamar an shimfiɗa tabarma, har ta fi ni yawo.

Dakta Hadiza: Alhamdu lillahi. Abin da ke kawo shi saɓani ne tsakanin ido da cikin kunne. Kunne yana jin ana lilo, ido kuma yana ganin bangon ɗaki a tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, amai ya taso. Shi ya sa kwanciya a ɗaki a rufe ba ta cika taimako ba. In ya dawo ta fita waje ta kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ta zauna tsakiyar jirgi a benen ƙasa inda lilon ya fi sauƙi, ta ɗan tauna citta. Ƙwayar maganin kuma kafin jiri ya fara ake sha, kuma tana sa barci. Kawu kai ma kar ka yi wasa da na hawan jininka, abincin irin wuraren nan gishiri gare shi.

Hajiya Binta: To in ciwo ya yi tsanani fa? Ko mutum ya cika a can? Ni abin da ke hana ni barci ke nan tun da suka tafi.

Injiniya Sani: Ashe dai tsoro ne ba siminti ba. Kwantar da hankalinki ƙanwata. Akwai ɗan asibiti da likita da ma'aikatan jinya a benen ƙasa, har da wurin ajiye gawa, na tambaya. Gaskiya dai a inda muke yanzu jirgi mai saukar ungulu ba zai iso ba, sai dai a karkata zuwa tashar da ta fi kusa. Kafin mu tashi kuma sai da aka tara kowa aka nuna masa rigar ruwa da wurin da zai tsaya in an busa ƙaho gajere sau bakwai da dogo ɗaya. Sauran kuma na Allah ne. Hanyar Birnin Gwari ma ai da tawakkali ake bin ta.

Hajiya Binta: Allah ya dawo da ku lafiya. Ni dai ban so ba.

Malama Rabi: Yaya Injiniya, tun ɗazu nake karantawa ina jiran wani ya taɓo abin da ke raina. Ruwan nan da kake kallo awa biyu, ta kansa aka wuce da mutanenmu. Cikin bayin da aka kwasa daga gaɓar Legas da Ouidah zuwa Bahia ta Birazil akwai Hausawa da yawa, musamman bayan an fara jihadi a 1804, lokacin da kamammun yaƙi suka yawaita. A 1807 hukumomin Salvador, babban birnin Bahia, suka bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka kitsa. A 1835 kuma, cikin watan azumi, Musulmin birnin suka yi babban bore, yawancinsu Yarbawa amma da Hausawa a ciki, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ina koya wa ɗalibai wannan a allo, amma ban taɓa ganin ruwan ba. Kai ka gani.

Injiniya Sani: Malama kin taɓa ni. A Sant Helena kowa gidan da Napoleon, tsohon sarkin Faransa, ya zauna yake rububin gani, inda ya mutu a 1821, da matakalar nan mai hawa 699 da ta tashi daga Jamestown, babban garin tsibirin. Ni ko 50 ban kai ba na dawo. Amma mai yi mana jagora ya nuna mana wani kwari, Rupert's Valley. Daga 1840 sojojin ruwan Ingila in sun kama jirgin bayi nan suke sauke mutanen. Dubbai sun mutu a wurin saboda yadda suka iso a galabaice, an binne su ba suna. Lokacin aikin filin jirgin sama aka tono ƙasusuwan wasu. Na tsaya na yi musu addu'a, ban san ko akwai mai jin Hausa a cikinsu ba.

Daga inda nake zama a saman jirgi, iyakar abin da ido ke kaiwa wajen kilomita 20 ne ta kowane gefe. Yau ko jirgi ɗaya bai gifta ba. Sai na riƙa tunanin wanda aka ɗauko daga Zazzau ko Katsina, bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, yana ƙasan jirgi a ɗaure, ko wannan sararin bai samu gani ba. Ni ga katifa ga shayi.

Bulus Kakuri: Allah ya ji ƙansu baki ɗaya.

Malam Auwalu: Amin. Kakanninmu ma da suka tafi Hajji a ƙasa, bayan shekaru a hanyar Chadi da Sudan, a Sawakin suke shiga kwale-kwale su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Da yawa can suka tsaya, zuriyarsu na Sudan har gobe.

Abdul Kawo: Baba, na ga bidiyo ana wani biki in an tsallaka Ikwaita, wani ya yi shigar sarkin ruwa ana sumbatar kifi. An yi muku?

Injiniya Sani: Jiya aka yi, a bakin wurin wanka. Wani ma'aikaci ya sa gemun roba da rawanin kwali ya riƙe mashi mai baki uku, wai shi ne Neptune. Wanda bai taɓa tsallakawa ba sai ya durƙusa a gabansa ya sumbaci ɗanyen kifi, a shafa masa kwaɓaɓɓen abu a tura shi ruwa. Tsohuwar al'adar matuƙa ce. Ni daga bene na leƙa. Da furfurata ba zan durƙusa wa mai gemun roba ba.

Malam Auwalu: Ka kyauta. Ko da wasa ne, asalin sunan abin bautar Rumawa ne.

Ladan: Amma takardar shaidar tsallakawa fa, ka karɓa?

Injiniya Sani: Har ɗaki aka kawo. Zan sa a firam in rataye kusa da ta ritaya.

Nasiru Mai Keke: Baba, maganar gaskiya, ana ɗaukar irinmu aiki a ciki? Akwai wani a Facebook da ya ce in an ba shi kuɗin fom zai samar wa mutum.

Injiniya Sani: Kar ka ba shi ko sisi. Kamfanin kirki ba ya karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki. Akwai takardar horon kare kai a teku da ake kira STCW, da fasfo da gwajin lafiya, kuma makarantar horar da ma'aikatan ruwa tana Oron a Akwa Ibom, ka fara bincike daga nan. Sannan ka sani, hutun nan namu a kan wuyan wasu yake. Yaron nan ɗan Indunusiya wata na bakwai ke nan bai ga 'yarsa ba, kuma babu ranar hutu, Lahadi da Juma'a duk ɗaya. Ranar da ba a tsaya ko'ina ba ita ce mafi wuya gare su, don kowa yana cikin jirgi, kowa yana jin yunwa. Ɗakinsu yana ƙasa, babu taga. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ya tsaya ya kalli teku, ya yi dariya kawai.

Nasiru Mai Keke: Duk da haka Baba, in da dala ake biya zan iya.

Hajiya Binta: Kai da ko wanka a rafi ba ka iya ba. Yaya, ba wa Mairo wayar, ni ita nake son ji.

Injiniya Sani: Binta, Mairo ce. Lafiyata ƙalau, kar ki biye wa yayanki, jirin kwana ɗaya da rabi ne ba biyu ba. Jiya da dare mun je can gaban jirgi inda babu fitilu, taurari kamar a ƙauye lokacin muna yara, har ya fara nuna mini yana kiran sunayensu, rabin duk ƙarya. Kwana goma sha ɗaya ban ɗora tukunya ba. Ki leƙa mini gidan don Allah, ki ce wa Sadiya ta riƙa ba kajin nan ruwa da safe, kuma kar ta bari almajirai su tafi ba abinci.

Hajiya Binta: Na je ɗazu, komai lafiya, zakaran nan ne dai ya shiga gidan maƙwabta. Ki taho mini da turare in kun sauka Sifaniya.

Ladan: Ni kuma kifi mai fiffike guda biyu, a soya.

Injiniya Sani: Na karɓi wayata. Rana ta kusa faɗuwa a nan, ku kun yi Magariba tun ɗazu. Zan je in yi alwala. Malam, yau kowace a lokacinta na yi.